Zane Da Aikin Liƙe Wajen Koya Wa Yara Labarun Yunanawa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji huɗu ko aji biyar na firamare ya san wannan abu. Ka karanta wa yara labari ran Litinin, su yi tsit kamar ruwa ya ci su, kai kuwa ka koma gida kana murna aiki ya yi kyau. Ran Alhamis ka tambaye su, sai ka tarar babu abin da ya saura a kansu sai sunan mutum guda, shi ma sun karya shi. Amma yaron nan da ya manta da labarin, tambaye shi yadda ya ƙera motar kara da rani, zai lissafa maka ɗaya bayan ɗaya, inda ya tsaga karan, da inda ya soka ƙaya, da abin da ya sa ƙafar baya ta ƙi juyawa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Motar ta bi ta hannunsa, labarin kuwa ta kunne kaɗai ya bi.

To, a kan wannan nake so in yi magana da malaman makarantunmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, da ma'aikatan ofisoshin ilmi waɗanda takardun neman kayan aiki ke bi ta hannunsu. Maganar kuwa ita ce koya wa yara labarun mutanen da, musamman na Yunanawa, watau mutanen ƙasar Girka ta zamanin da, ta hanyar zane da fenti da aikin liƙe. Abin da nake nufi da aikin liƙe shi ne a yayyaga takardu masu launi, da ƙyallaye, da gashin tsuntsu, da duk abin da ya samu, a mammanna su a jikin kwali har su zama hoto.

Na san mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Bungudu da Yunanawa? Ai kuwa da ruwansa, ko ya sani ko bai sani ba. Littafin taswirar da ake ba shi a aji, wanda Turawa ke kira atlas, sunan wani ƙato ne a cikin tatsuniyoyin Yunanawa, wanda suka ce shi ke tallabe da sama a kafaɗunsa, kuma daga sunansa aka samo sunan Tekun Atalantika. Wasannin Olamfik da yake jin labarinsu a rediyo, a garinsu na Olimfiya aka fara su, suna ƙirgen farkonsu daga shekara 776 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an nan aka farfaɗo da su a 1896. Kai, har ciwon idon nan da tsofaffinmu ke kira afolo! Cutar ta ɓarke a Afirka ta Yamma a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a wata, sai mutane suka laƙa mata sunan kumbon, shi kumbon kuwa sunan wani ne daga cikin tatsuniyoyin Yunanawa. Yaron da zai wuce sakandare ya karanta littattafan Ingilishi zai yi ta tuntuɓe da irin waɗannan sunaye, masu littattafan kuwa ba su tsayawa su yi bayani, don sun ɗauka kowa ya ji labarin tun yana goye.

Amma wannan ƙaramin dalili ne. Babban dalilin shi ne, in ka ajiye labarin Yunanawa kusa da namu, sai yaro ya fara ganin nasa da sabon ido. Don haka shawarata ita ce kada a taɓa kawo labarin Yunanawa shi kaɗai. A fara da na gida, sa'an nan a kawo baƙon a zaunar da shi kusa da shi.

Daura Da Tibis

Ɗauki labarin Bayajidda, wanda da wuya a sami ɗan aji huɗu da bai taɓa jin ko da rabinsa ba. Baƙo ne daga gabas, daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya tsaya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, don macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, daga baya ya auri sarauniya Daurama.

Yanzu ga na Yunanawa. Wani ɗan sarki ne wai shi Kadmus, shi ma daga gabas, daga birnin Taya da ke bakin teku a ƙasar da yau ake kira Labanan. Ya fito neman ƙanwarsa da aka sace, ya yi ta yawo bai same ta ba. Aka ce masa ya daina nema, ya bi wata saniya, duk inda ta gaji ta kwanta nan zai kafa gari. Da saniyar ta kwanta sai ya aiki mutanensa su ɗebo ruwa a wani marmaro, ashe akwai ƙaton maciji mai gadin wurin, ya hallaka su. Kadmus ya je ya kashe macijin, ya shuka haƙoransa a ƙasa kamar iri, sai mayaƙa suka tsiro da makamansu. Ya jefa dutse a tsakaninsu, suka kama faɗa da juna har saura biyar, da su ne ya kafa birnin Tibis, mai ƙofa bakwai.

Ba ina cewa wani ya ari labarin wani ba ne, kada malami ya gaya wa yara haka. Abin da ake so shi ne su lura da kansu. Raba ajin gida biyu, waɗannan su yi rijiyar Kusugu, waɗancan su yi marmaron Tibis, a rataye hotunan gefe da gefe. Ba sai ka ce uffan ba, za ka ji wani ya ce, "Malam, ai duk baƙi ne, kuma duk ruwa ne aka hana mutane." In ka yi sa'a wani zai ƙara da cewa Bayajidda ya tarar da gari da sarautarsa a hannun mace, Kadmus kuwa daji ya tarar. Yaron da ya iya faɗin haka ya fara aikin da ake kira kwatanta abu da abu, wanda wasu ba su iya shi sai sun kai kwaleji.

Malaman Tsafe kuwa suna da nasu a ƙofar gida. 'Yandoto, tsohon garin malamai, a ƙasarsu yake, kuma daga can labari ya ce Korau ya fito, wanda ya je Katsina ya yi kokawa da Sanau, na ƙarshe a sarakunan Durɓawa. An ce ba a taɓa kai Sanau ƙasa ba saboda wani asiri da yake da shi, sai da matarsa ta tona, sa'an nan Korau ya kā da shi a gindin wata tsamiya ya kashe shi, ya hau sarauta. Takobin nan Gajere da ake danganta wa Korau yana cikin kayan sarautar Katsina. Yunanawa su ma suna da ɗan kokawar da ba a kayarwa, Antayus, wanda suka ce a Libiya yake zaune, watau a nahiyarmu. Asirinsa shi ne muddin jikinsa na taɓa ƙasa ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Jarumin nan Harkulis ya gane haka, sai ya ɗaga shi sama cak, ya matse shi har ya mutu. Yaran da suka saba kallon kokawa bayan girbi ba su bukatar a koya musu yadda 'yan kokawa biyu ke sarƙe hannu. Ba su gawayi kawai ka ja da baya.

Akwai waɗansu da yawa. Odisiyus, wanda mawaƙinsu Homa ya ba da labarinsa, Gizo ne sak wajen wayo. Ya faɗa kogon wani dodo mai ido ɗaya, makiyayin tumaki, mai cin mutane. Da dodon ya tambayi sunansa sai ya ce sunansa Ba-kowa. Ya bari ya yi barci ya tsiyaye masa idon da tsinin icce, dodon ya yi kururuwa, 'yan'uwansa suka zo bakin kogon suna tambayar wa ya taɓa shi, ya ce Ba-kowa, suka koma suka kwanta. Da safe Odisiyus da mutanensa suka maƙale a ƙarƙashin cikin raguna suka fice. Ban taɓa ba da wannan labari a aji ba yara suka kasa dariya. Akwai kuma Arakni, yarinya masaƙiya mai alfahari da gwanintarta, wadda aka mayar da ita gizo-gizo, tana ta saƙa har yau. Wannan da zaren auduga ake yinta a kan baƙin kwali, abu ne mai sauƙi ƙwarai.

Kayan Aiki Suna Nan Gida

Kukan da nake yawan ji wurin malamai shi ne babu fenti, babu burushi, babu takarda, an rubuta ofis ba a aiko ba. Gaskiya ne kaya sun yi ƙaranci, ba kuwa zan ce ba a bukatar a saya ba. Amma kafin su iso, bari mu duba abin da ke hannu.

Su Yunanawan da kansu ba a takarda suka bar mana hotunan labarunsu ba, a jikin tukwane da tuluna ne. Kimanin shekara 2,500 da suka wuce maginan tukwanensu suna zana mutane baƙaƙe a kan jar laka, daga baya suka juya, suka riƙa barin mutanen ja su baƙanta sauran jikin tulun. Launi biyu ke nan tak, ja da baƙi, kuma dubban waɗannan tuluna suna ajiye yau a gidajen kayan tarihi na London da Faris da Atens. To, ja da baƙi ne za su gagare mu? Jar ƙasa tana bayan kowane aji. Gawayi yana kowane murhu. A daka, a tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro kaɗan don kada ya kakkaɓe in ya bushe. Farar ƙasa ta ba da fari, shuni ya ba da shuɗi, gangamau ya ba da rawaya, karan dafi ya ba da ja mai duhu irin na dukawa. Burushi kuwa, a tauna bakin ɗan icce kamar za a yi asuwaki, ya isa.

Abin liƙawa, ko dai ƙaro da aka jiƙa ya kwana, ko garin rogo da aka dama a wuta kamar koko. Kwali ana samu wurin masu kanti, ƙyallaye wurin tela, wanda da ma zubarwa zai yi. Ɓawon gyaɗa ya yi saɓar maciji, auduga ta yi ulun raguna da gajimare, yashi ya yi bakin teku, tsinken tsintsiya ya yi masu da kibau. Almakashi guda ya ishi aji in malami ne ke riƙe da shi, yara su yaga da hannu, kada a ba su reza. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: in za a yi amfani da tsohuwar jarida ko kalanda, malami ya duba da kansa tukuna, ya ware duk takardar da ke da aya ko sunan Allah. Wannan ba abin da za a bar wa yara ba ne.

Kada wani ya ɗauka aikin liƙe wasan yara ne da Turawa suka kawo mana. Je ka rumfar baduku ka ga yadda yake yanka fata ja da kore ya ɗora a kan matashi ko jaka ko kuben wuƙa, ai shi ke nan aikin. Su Turawan ma sai wajen 1912 manyan masu zanensu, Fikaso da abokinsa Barak, suka fara manna takarda a cikin hotunansu. Wani Bafaranshe kuma mai suna Matis, da tsufa da ciwo suka hana shi tsayawa ya yi fenti, sai ya koma yankan takardu masu launi da almakashi. A cikin wani littafinsa na 1947 akwai hoton Ikarus, yaron nan na labarin Yunanawa wanda ubansa Dedalus ya yi musu fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Kirit, ya gargaɗe shi kada ya yi sama da yawa, ya ƙi ji, rana ta narkar da kakin ya faɗa teku. Duk hoton ba komai ba ne sai baƙar siffa a kan shuɗi, da ɗigo ja a ƙirji, da 'yan yage-yagen rawaya kewaye. Ɗan aji uku zai iya irinsa. A nan ƙasarmu kuma, ɗaliban zane na kwalejin Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, tatsuniyoyin garuruwansu suka koma wa suka riƙa zanawa, da haka kuwa suka yi suna.

Abin Da Iyaye Za Su Ce

Yanzu mu zo ga maganar da ta fi nauyi, wadda in malami bai shirya mata ba, aikin zai mutu tun makon farko. Iyaye za su tambayi abu biyu, kuma suna da haƙƙin tambaya. Na farko, shin ba labarun gumaka ake cusa wa 'ya'yanmu ba? Na biyu, ina hukuncin zana abu mai rai?

Game da na farko, Yunanawan da lalle masu bautar gumaka ne, kada a ɓoye wa yara wannan. A gaya musu a fili, a kuma gaya musu mutanen Girka na yau sun bar wannan addini tun da daɗewa, galibinsu Kirista ne, labarun sun zama tatsuniya. Ɗan Bahaushe kuwa ya riga ya san matsayin tatsuniya, tun da mai yinta da kanta take rufewa da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Babu yaron da ya taɓa yin imani da Ƙoƙi. Ni shawarata a buɗe labarin Yunanawa da "Ga ta nan, ga ta nanku," a rufe shi da "Ƙurunƙus," don ya zauna a kan tabarmar da ta dace da shi. Sa'an nan a zaɓa. Malaman Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun sun fassara littattafan Yunanawa na likitanci da lissafi da manɗiƙi, suka bar abin da ba su bukata. Mu ma haka za mu yi. A ɗauki labarun mutane, masu wayo da masu girman kai da masu ƙin jin magana, a bar labarun gumakan da aure-aurensu, waɗanda da yawansu ko babba ya ji sai ya sunkuyar da kai. Kada a sa yaro ya zana wani abu a ce masa wannan abin bauta ne.

Game da na biyu, ni ba mai fatawa ba ne. Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta tsakanin siffa mai jiki da inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, amma akwai masu tsanantawa, kuma akwai gidajen da ba su so ko kaɗan. Hedimasta mai hankali zai je wurin limamin unguwa da shugabannin iyayen yara kafin ya fara, ya nuna musu abin da za a yi. In an sami gidan da ba su yarda ba, kada a tilasta yaron, kada kuma a kore shi daga aikin, domin ana iya ba da labari duka ba a zana fuska ko ɗaya ba. Labarin Bayajidda, rijiya ce da guga da wuƙa da ƙofar gari. Labarin Ikarus, rana ce da teku da gashin tsuntsu warwatse a kan ruwa. Gidan nan mai ruɗaɗɗun lunguna da Dedalus ya gina wa sarkin Kirit, wanda jarumi Tisiyas ya shiga yana warware zare don ya gane hanyar fita, layuka ne zalla, ɗan'uwan dagi ne da zayyanar allo. Sau da yawa ma irin waɗannan hotuna sun fi sa yaro tunani, don dole ya tambayi kansa wane abu ne in aka gan shi za a gane labarin.

Yadda Za A Bi Da Shi

Darasi uku ya ishi labari guda. A na farko malami ya ajiye littafi ya ba da labarin da ka, sa'an nan yara su maimaita, wannan ya fara wancan ya ɗora. A na biyu su yanka labarin gaɓa-gaɓa, biyar ko shida, kowace gaɓa a ba wa ƙungiya guda. A nan ne ainihin karatun yake, don za su yi gardama a kan me ya riga me, da wace gaɓa za a iya yarwa labarin bai lalace ba. Bar su su yi gardamar. A na uku a yi hotunan, a jera su a igiya bi da bi, kowace ƙungiya ta rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin nata, da Hausa, da Ingilishi kuma in sun kai. Sa'an nan a kira 'yan aji biyu su zo kallo, masu hoton su ba su labarin.

Malami kada ya zana nasa a allo ya ce a kwafa. In ya yi haka zai sami maciji sittin iri ɗaya, duk nasa ne, babu na yaro ko ɗaya. Kada kuma ya ba da maki a kan kyan hoto. Abin dubawa shi ne ko hoton ya faɗi gaɓar da aka ba su.

A wata makaranta da na je dubawa a gefen Bungudu, inda ake hango Dutsen Kwatarkwashi ta taga, wani yaro da malaminsa ya ce ba ya magana a aji ya yi Ikarus da gashin zabo, ya ɗora shi a kan dutsen nan maimakon tsibirin Kirit, don shi ne wuri mafi tsawo da ya sani. Da aka zo bayani sai ya tambaya, me ya sa uban bai ɗaure yaron da igiya a jikinsa ba, tun da ya san halinsa? Ajin ya rabu biyu, wasu suka ce da igiyar ta jawo su duka cikin teku. Har aka buga ƙararrawa ba su gama ba.

Akwai kuma wani abin da ba zan wuce ban ambata ba. Rashin zaman lafiyar da ya addabi Zamfara ya koro iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe da sauran garuruwa, har a 2021 aka rufe makarantu na wani lokaci. A cikin azuzuwanmu akwai yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, kuma ba su faɗa. Irin wannan yaro in aka ba shi dodon kogo ya zana, wani lokaci abin da zai fito a kwalin ba dodon Yunanawa ba ne. Malami kada ya yi masa dariya, kada ya titsiye shi da tambaya gaban 'yan'uwansa. Ya karɓi hoton, ya sanar da hedimasta, a san yadda za a yi magana da iyayen a natse.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne da hunturu, sa'ad da fenti ke bushewa nan da nan. Da damina kullun rogo yana yin fumfuna. A rataye hotunan a igiya nesa da bango, in ba haka ba gara za ta riga iyaye ganinsu.

Tatsuniyoyinmu an tara da yawa a rubuce, tun daga littattafan Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, malami zai sami abin da zai haɗa da kowane labarin Yunanawa in ya bincika. Ya kamata kuma kwalejojin horon malamai na Maru da Gusau su sa ɗalibansu su dama jar ƙasa su jiƙa ƙaro da hannunsu ko sau ɗaya kafin a tura su aji. Ina kuma roƙon malaman da ke aiki wajen 'Yandoto da Kwatarkwashi, su zauna da tsofaffin wurin, su rubuta labarin Korau da labarun dutsen yadda aka faɗa musu, da sunan unguwar da suka ji shi, su aiko wa Edita, don malaman sauran garuruwa su sami abin farawa.